Teburin Baba Ya Ƙara Tsawo

3 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara, da kuma aiki. Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da zan faɗa miki, kuma tun kafin in fara ina roƙonki kada ki ɗaga hankalinki. Na rubuto ne na ba direba saboda kin san kunnen Baba. In na ce ya sha magani ba ya ji, amma in na ɗaga waya ko a bayan gida ne sai ya tambaye ni da wa nake gulmarsa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a makaranta.

Makon jiya aka kawo katakon ƙofofi shida da za mu yi wa mai kanti. Masu dako ba su zo ba, ni kuma na tafi sayen ƙusa. Kafin in dawo Baba ya shigar da katakon nan shago shi kaɗai, guda goma sha takwas. Na tarar da shi yana haki yana dariya, wai in je in ce wa masu dako su ci gaba da hutawa. Daga nan ya hau zarto har la'asar.

Washegari lafiya ƙalau, har yana yi min gori. Sai a rana ta biyu abin ya sauko masa. Da asuba ban ji ƙarar butarsa ba, sai na leƙa. Yana zaune a bakin gado yana kallon takalminsa kamar a wani gari aka ajiye shi. Ya kasa tashi sai da na kama shi. Na ce, "Baba, ina ke ciwo?" Ya ce, "Tambaye ni inda ba ya yi, zai fi sauri." Baya ya riƙe, kafaɗu sun yi tsami, gwiwar dama ta sage.

Na dafa ruwa na gasa masa da tawul, na shafa masa man zafi, yana ta mita wai hannuna kaushi kamar samfefar gogar katako. Zuwa hantsi jikin ya saki, ya taka har shago, ya zauna yana ba ni umarni. Na ce ya bari in yanka masa ko biyu ne. Ya ƙi. Shekara tara ina riƙe masa katako, har yau bai yarda in yanka ko ƙafar kujera ba, wai idona bai nuna ba tukuna.

Abin da nake so kawai, in kin samu irin robar nan da ake sa wa gwiwa, ki ba direba. Shi dai ya ce gajiya ce kawai, ni ma haka na gani.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Auta

9 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi mura amma ta warke.

Na karanta takardarka a tsaye a ƙofar wurin aiki har sau uku. Ka cika shafi biyu da labarin ƙusa da samfefa, ka ɓoye magana ɗaya a tsakiya: Baba ya kasa tashi sai da aka kama shi. Sannan ka rufe da "gajiya ce kawai". Ka manta wa ya taɓa faɗa mana haka? Inna ma gajiya ce kawai, har wata uku, ni ina nan ina aika mata gaisuwa ina ɗinka rigunan mutane. Da na iso sai gadonta kawai na tarar, an riga an binne ta. Ba za a sake yi min haka ba.

Ka saurare ni da kyau. Ka kwashe kayan aikinsa kaf ka kai gidan mai kanti, ka rufe shagon, ka riƙe makullin a jikinka. Ƙofofin su jira. In ya yi faɗa ka ce ni na ce. Ya kwanta ya huta, shekara saba'in da ɗaya ba wasa ba ce.

Na fara gyara masa ɗakin da ke kusa da na yara. Yana da babbar taga, kuma ba abin da zai ɗaga a nan sai kofin shayi. Ƙarshen wata mai zuwa maigidana zai samo mota mu zo mu ɗauke shi. Kada ka faɗa masa tukuna, ka san halinsa.

Ga robar gwiwa guda biyu. Ka riƙa rubuto min duk mako, kuma ka riƙa fara maganar da abin da ya fi muhimmanci.

Yayarka

24 ga wata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Roba ta iso, mun gode. Baba yana nan da ransa da bakinsa. Kin ce in fara da abin da ya fi muhimmanci, to ga shi: na buɗe shagon, na maida masa kayansa. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Da farko na yi yadda kika ce. Da ya ga kwaɗo a ƙofa sai ya kalli aljihuna ya ce, "Yayarka ce ko?" Na ce ita ce. Ya ce, "To, ai ita ce babba." Ya juya gida. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a zaune. Akwai wani abu da nake yi ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kullum da safe ina ƙirga a zuciyata daga lokacin da ya sa ƙafa a ƙasa har ya isa ƙofar ɗaki. Lokacin da yake aikinsa yadda ya saba, ashirin da biyar ne ko talatin. Ranar da katako ya kama shi, ya wuce ɗari. Da ya fara hutun nan ya sauko arba'in, na ce Yaya ta yi gaskiya. Sai kuma ya fara hawa. Hamsin, saba'in. A rana ta goma casa'in na ƙirga, alhali ko tsintsiya bai ɗaga ba. Kuma da can tsamin yana sakinsa kafin hantsi, wannan kuwa har azahar yana tafe yana dafa bango.

Ga rashin zama wuri ɗaya. Ya zauna ya tashi, ya shiga ɗaki ya fito, ya ƙwanƙwasa teburin cin abinci ya ce wanda ya haɗa shi bai ji tsoron Allah ba, alhali shi ya haɗa shi. Rannan na dawo na tarar ya cire ƙofar kicin da bakin cokali, wai tana kuka. Abinci rabi yake ci. Sau biyu mai kanti yana ganinsa a ƙofar shago ya kafa ido a tsagar katako yana leƙen ciki.

Sai na kai shi asibiti, na ce masa ni ne ba ni da lafiya ya raka ni. Likitar mace ce, ba ta wuce shekarunki ba. Na ba ta labarin Inna duka, don haka ta sa aka ɗebi jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta danna gwiwa, ta sa ya zauna ya miƙe sau biyar. Da sakamako ya fito ta ce ba ta ga komai irin na Inna ba. Ta ce tsamin da ke zuwa kwana biyu bayan aiki mai nauyi yakan wuce da kansa, amma in na ga kumburi ko zazzaɓi ko ciwon ƙirji, ko ciwon da ya ƙi sauƙi, in dawo da shi da sauri. Ta ce kada a zaunar da shi, jikin tsoho in ya zauna daskarewa yake. Kada kuma ya ɗauki kaya mai nauyi, kuma ya rage yawan sunkuyo. A hanya Baba ya ce rabin maganarta ya yi daidai. Ban tambaye shi wane rabin ba.

Na haɗo miki takardar asibitin ki gani da idonki. In za ki yi faɗa, da ni za ki yi, shi bai roƙe ni ba ko sau ɗaya.

Auta

12 ga sabon wata

Auta,

Ina fatan kuna lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Fiye da wata ɗaya ba takarda. In na kira waya sai ka ce min lafiya lau da muryar mutumin da ake tsaye a kansa.

Jiya matar mai kanti ta zo nan wajen 'yarta, ta ce da idonta ta ga Baba a shago da zarto a hannu. A gaban mutane ta faɗa, ina tsaye kamar wata baƙuwa a zancen ubana. Ashe shi ya sa ka yi shiru.

An samu mota. Ranar ashirin da takwas za mu zo. Ka haɗa masa kayan sawarsa.

Yayarka

17 ga wata

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Muna lafiya. Wallahi na rubuto miki tun ashirin da huɗu ga watan jiya. Motar direba ce ta lalace a hanya, ya sa takardar a aljihun rigar aiki, ya bar rigar a gareji. Yau na tsaya a kansa har ya nemo ta, duk ta sha baƙin mai. Ga ta nan tare da wannan, ki fara karanta ta.

Yanzu bari in faɗa miki abin da nake ciki, don ni ma hankalina ba a kwance yake ba.

Da ya koma aiki sai na zuba masa ido. Na lura zarto ba ya damunsa sosai, gogar katako ce ke kama masa baya, saboda teburin aikinsa gajere ne. Kin san ya haɗa shi tun kafin a haife ki, lokacin yana son ya danne katako da nauyin jikinsa. Yanzu in ya yi rabin awa a sunkuye sai ya miƙe a hankali kamar ana buɗe tsohuwar laima. Na ce a ƙara wa teburin tsawo. Ya ce teburin da ya ciyar da mu ba wanda zai taɓa masa ƙafa yana raye.

To duk ranar da ya tafi aski sai in ɗaga teburin in cusa fallen katako ɗaya mai kaurin yatsa a ƙarƙashin kowace ƙafa, in rufe da dusar katako. Sau uku ke nan na yi. Na kuma ce masa ina tsoron karen gidan makanike, don mu riƙa bin doguwar hanya zuwa shago. Yana tafe yana min dariya, wai ƙato da gemu yana tsoron kare, ni kuwa ina ganin ƙafarsa tana warwarewa. In mun isa sai in ce ya sake nuna min yadda ake riƙe zarto, a hankali, har kafaɗunsa su ɗumama. Ya ce bai taɓa ganin ƙwaƙwalwa mai yoyo irin tawa ba. Katako kuwa tun da yamma nake jera shi bayan ya tafi gida. Ƙirgen safe yanzu talatin da biyar ne.

Sai jiya aka samu matsala. Ya ajiye fensirinsa a kan tebur, fensirin ya gangara daga wannan kai har wancan ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake ajiyewa. Ya sake gangarawa. Ya kalli ƙafar tebur, ya kalle ni, ya ci gaba da aikinsa. Har yanzu bai ce komai ba. Tun jiya nake shiga ina fita kamar shi lokacin da aka rufe shago.

Yaya, zancen mota. Lokacin da na zo wurinku na ƙirga matakalar benenku, arba'in da biyu ce. In Baba ya hau sau ɗaya ba zai sauko ba sai da dalili, kuma ba shi da dalili a can. Na ga abin da kwana goma sha ɗaya suka yi masa. Ban haɗa kayansa ba, kuma ban faɗa masa ba. In kin ce sai an tafi da shi ba zan tare ƙofa ba, ke ce babba. Amma ni ba zan iya naɗe rigunansa da hannuna ba.

Ƙaninki,
Auta

21 ga wata

Auta,

Mun wuni lafiya. Takardu biyu sun iso rana ɗaya, har da mai baƙin man. Na kai takardar asibiti wurin maƙwabciyarmu da ke aikin jinya, ta karanta ta ce da sakamakonta ne da ta yi murna.

Na zarge ka da ɓoye min magana, ka yafe ni. Gaskiyar ita ce tun rasuwar Inna duk takardar da ta zo daga gida sai in daɗe ina juya ta kafin in buɗe. Ina son in farka in ji tarinsa a ɗakin kusa, in san yana nan. Jiya na sauko bene ina ƙirgawa. Arba'in da biyu ce, ban taɓa sani ba, shekara shida ina hawa.

Ban soke motar ba tukuna. Mu biyu mun daɗe muna juya mutumin nan a bayan idonsa, ni da kwaɗo kai da kare. Ka zaunar da shi ka karanta masa wannan takardar duka, har zancen ɗakin da na gyara. Abin da ya faɗa ka rubuto min shi yadda ya faɗa, kada ka gyara masa baki. In ya ce zai zauna, sai ya yi min alkawarin ba zai sake ɗaukar katako ba.

Kai kuma ka je ka amsa laifin teburinka.

Yayarka

25 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ko in ce shi yana lafiya, nawa labarin yana ƙasa.

Na karanta masa a shago bayan azahar. Ya saurara yana feƙe fensir. Da na zo wurin Inna sai ya daina feƙewa. Da na gama ya ce in ɗauko biro. Ga maganarsa, ban taɓa ko harafi ba, har da sunan da yake kiranki:

"Uwata, ki sallami mai mota. Ciwon da nake ji in na yi aiki na san shi, na san lokacin zuwansa da na tafiyarsa, mun saba. Wanda na ji da aka rufe min shago baƙo ne, ba na son in sake haɗuwa da shi. Katako na daina ɗauka, wannan na ba ki. Zancen Innarku kuma ki sauke shi daga kanki. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita ban gane ba, balle ke da ke nesa. Ɗakin da kika gyara kada ki ɓata shi, zan zo in yi mako ɗaya, an ce ƙofar banɗakinku tana jan ƙasa."

Daga nan ya juyo kaina. Ya ce, "Kai kuma, mai tsoron kare." Na sunkuyar da kai. Ya ce tun makon farko ya sani. Wai mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar a kan tebur, a ƙara masa kaurin yatsa bai ji ba? Ya yi shiru ne don bayansa ya ji daɗin abin. Amma karkataccen tebur ba zai iya zama da shi ba, ko da maganin mutuwa ne.

Ya sa na kira mai kanti muka kifar da teburin, shi yana tsaye hannu a baya yadda ya yi miki alkawari. Ya zaro fallayen nan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna min wanda ya fi sauran kauri. Sai ya ɗauko tef ɗin awo ya ce in miƙe tsaye. Ya auna daga ƙasa zuwa wuyan hannuna, ya rubuta a bango. Na ce, "Baba, ai na fi ka tsawo, zai yi maka yawa." Ya ce zai haɗa wa kansa doguwar kujera, likita ma ta ce ya rage sunkuyo, wai ashe wannan rabin ne ya yarda da shi. Ya ce, "Kai ne za ka daɗe a kansa." Ya miƙo min zarto ya ce sabbin ƙafafu huɗu, kuma su zo daidai.

Na yanka, Yaya. Tun azahar har rana ta yi sanyi, ya sa na sake biyu. Da muka tayar da teburin ya ajiye fensir a tsakiya. Muka tsaya mu uku muna kallonsa. Bai motsa ba. Baba ya ce ido ya fara nuna, amma kada in ji daɗi da yawa.

Wannan shekaranjiya ne. Jiya lafiya ƙalau. Yau da asuba na zo tashi na ji kamar an ɗaure min kafaɗu da waya, wuya ya ƙi juyawa. Na lallaɓa ina dafa bango. Da na isa ƙofa sai ga shi tsaye da butar ruwan zafi da tawul a kafaɗa. Ya ce, "Sittin da huɗu." Na ce na me? Ya ce in ina ƙirga masa leɓena yana motsi, ya daɗe yana gani.

Shi ya gasa min, shi ya shafa man zafin. Ya ce kada in kuskura in kwanta, doguwar hanya za mu bi. In rubutun nan ya karkace ki yi haƙuri, hannun ne bai gama saki ba. Kuma Yaya, duk mitar da ya yi min, nasa hannun ya fi samfefa.

Ki gaida maigidanki da yara, ki ce wa mai mota ya huta.

Ƙaninki,
Auta